Taƙaitaccen bayani kan gargaɗin zafin injin mota

Shawarar da masu gyaran mota da direbobi suka fi jaddadawa ita ce, da zarar allurar zafi ta nufi ja, a gangara gefen titi a kashe injin, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin ruwan da ke ciki yana iya tsalle ya ƙone fuska da hannu. Bayan nan a duba yawan ruwa, da yoyon tiyo, da ko fanka tana juyawa.

Inda aka fi daɗewa ana muhawara shi ne batun tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya daga injin zuwa lagireto idan ya yi zafi, wanda a yawancin motoci yake buɗewa tsakanin digiri 82 zuwa 92 a ma'aunin Celsius. Idan ya maƙale a rufe, injin zai yi zafi cikin mintuna kaɗan alhali tiyon lagireto bai ko ɗumama ba. Idan kuwa ya maƙale a buɗe, allurar ba za ta kai tsakiya ba, mota ta riƙa shan mai, na'urar bincike kuma takan nuna lambar P0128. Ni dai ban gamsu da al'adar wasu makanikanmu ta cire shi gaba ɗaya da sunan zafin Arewa ba, domin hakan yakan ɓoye ainihin cutar, wadda sau da yawa lagireto ne ya toshe da tsatsar ruwan rijiya.

Idan allura tana tsalle nan take ba tare da tururi ba, a zargi sensa, wato na'urar da ke auna zafin ruwan injin, ko wayarta, a gwada kafin a saye sabuwa.