Muhawara: wai intanet ya kai ko'ina a Najeriya yanzu?

Mai POS: Jama'a ni fa a ganina maganar rashin intanet ta ƙare a ƙasar nan. Ku tuna 2001 da MTN da Econet suka fara, layin waya kaɗai sai mai hali, yau mai shayi na karɓar tiransfa, mai atamfa na tallar kayanta a WhatsApp tana zaune a ɗaka, to me ya rage?

Malama daga Gusau: Ƙanina kana cikin Kano ne shi ya sa. A Satumban 2021 an kashe mana sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga, mutane har Funtua suke zuwa don kawai su kira 'yan uwa, kuma ko yanzu akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita.

Mai POS: Malama ai wannan matsalar tsaro ce ba ta intanet ba.

Malama daga Gusau: Wanda waya ke hannunsa ba sabis ina ruwansa da sunan matsalar?

Injiniya: Ku bari in sa baki. Intanet ɗin kam ya shigo da yawa, wayoyin ƙarƙashin teku na kamfanonin MainOne da Glo sun fara aiki a 2010, na Google mai suna Equiano ya iso 2022, amma duk a Legas suka sauka, aikin shi ne jawo faiba, wato wayar da ke ɗauko intanet, daga can zuwa Sakkwato da Maiduguri, kuma nan ake shan wahala don jihohi na cajin kuɗin haƙa hanya kowace mita, an yi yarjejeniyar naira 145 amma ba duka suka bi ba, ga masu gyaran titi na datse wayar da katafila, ga ƙarfen sabis dizal yake sha dare da rana. Kamfani ba zai kafa ƙarfe a inda ba zai maida kuɗin mai ba.

Ɗalibi: Yallabai ko inda sabis ya cika ma kuɗin data fa? Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50. Mu a makaranta data ɗin dare muke saya, mu hana ido barci mu sauke karatu, da safe kuma a biya mai caji don ba wuta.

Mai POS: To ga Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, tun 2023, ko a daji yana kamawa.

Injiniya: Yana kamawa, amma kuɗin kayan da na wata-wata manomi a Maradun zai iya? Sai dai a yi karo-karo a sa a makaranta ko asibitin gari da sola, kowa ya ja.

Malama daga Gusau: Wannan kam zan kai ta taron iyayen yara. Injiniya don Allah turo min lissafin abin da zai ci.