Taƙaitawa: yadda masu tantancewa za su ƙara saurin bulokcen

Salam 'yan uwa, na tattaro abin da aka faɗa tun shekaranjiya kan yadda masu tantancewa (masu tabbatar da ingancin ciniki) za su ƙara saurin bulokcen (sarƙar kundin cinikin kuɗin intanet irin Bitcoin), don mutanenmu na Ringim da Gumel da netwok ya hana su bin zancen.

1. Kusan kowa ya yarda cewa saurin ya dogara da abu biyu, girman bulok (ƙunshin cinikin da ake ƙarawa a sarƙar lokaci guda) da tazarar fitowarsa. Tazarar Bitcoin wajen minti 10 ce, Ethereum sakan 12, Solana kuwa ko sakan ɗaya bai kai ba.

2. A ƙara girman bulok? Nan aka rabu. Wasu sun ce a ƙara kawai, ciniki ya shiga da yawa, wasu suka ce to wa zai iya riƙe nod ɗin (kwamfutar da ke ajiye kwafin sarƙar tana duba ta), sai mai babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa, mu da ke cajin waya a shago an bar mu a baya kenan, kuma irin wannan rigimar ce ta haifar da Bitcoin Cash, sarƙar da ta ɓalle daga Bitcoin, a 2017. Ni dai ina tare da na biyun.

3. Rage tazara: idan bulok bai gama zagaya duniya ba wani ya fito, sarƙar na iya rabuwa. An tuna tsayawar Solana a Satumban 2021.

4. A raba aiki, wani ya haɗa bulok, mai tantancewa ya sa hannu. Masu adawa sun ce 'yan tsiraru za su mamaye haɗawar.

5. Mutum biyu sun ce a kai cinikin zuwa sarƙoƙin sama, wato waɗanda aka ɗora kan babbar sarƙa, irin Arbitrum da ke kan Ethereum, ba wanda ya ba su amsa.