Musayar Waƙa: Awon Shiga Karatun Likita

Malamar Ƙauye:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga nawa, mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Kan jarabawar shiga likita.
Maki 400 ne awon JAMB,
Tun 2015 sai a kwamfuta.
Ɗan birni na da cibiyar horo,
Da kuɗin lesin, da kuɗin data.
'Yar ƙauye sai ran jarabawa
Linzamin kwamfuta ya fara shiga hannunta.
Tana laluben gurin latsawa,
Agogo na cin mintocinta.
Wa ya auna ilimin yarinyar?
Wa ya san abin da ta karanta?

Ɗan Zazzau:
Malama, kukanki ya shiga kunne,
Amma bari in ɗan bambanta.
Kujeru kaɗan ne a ABU da BUK,
MDCN, hukumar likitoci, ce ke iyakanta.
Masu nema kuwa sun yi yawa,
Da me za a gane cancanta?
In an soke jarabawa gobe,
Wasiƙar manya za ta gaje ta.
Ɗan talaka ba shi da kowa,
Makinsa ne kaɗai gata.

Baba Mai Alli:
Ɗana, an taɓa gwada sokewa:
Post-UTME, jarabawar jami'a bayan JAMB, 2016 aka hana ta,
Zamanin Minista Adamu Adamu,
2017 kuma aka maido ta.
A rabon kujeru, kashi 45 na masu maki ne,
35 na yankin makaranta,
20 na jihohin da ke baya a ilimi,
Haka doka ta rarraba ta.
Amma kaso bai gina ɗakin gwaji,
Bai kawo malamin da zai inganta.
Ku tuna 2025, na'ura ta yi kuskure,
Shugaban JAMB da kansa ya gaskata,
Yara kusan dubu 380
Aka ce su koma su sake rubuta.

Nas Mai Aikin Dare:
Baba, a ɗakin haihuwa nake kwana,
Akwai abin da awo bai kamo ta:
Haƙurin sauraron mai naƙuda,
Da yi mata bayani da harshenta.

Malamar Ƙauye:
Yaya Ɗan Zazzau, ban ce a soke ba,
Cewa na yi a daidaita.
A kai kwamfuta sakandaren ƙauye,
Da sola, tunda babu wuta.
Tun aji huɗu yarinya ta saba,
Sannan a kira ta a jarraba ta.