Haƙorin hagu ko na dama: cacar baki a zauren masu ƙarfe na Ƙofar Ruwa

Nura Tana: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya a wajen mai shayi wani ya ƙaryata ni a gaban yarana, wai babu bindigar da ake ɗaura wa salansa, wato abin rage ƙarar harbi, da haƙorin ɗauri irin na noti mai juyawa ta hagu. To in faɗa a nan kowa ya ji. Ƙananan bindigogin 9mm na Turai, irin su Glock ta Ostiriya da HK ta Jamus, haƙorin da ke bakin bututunsu M13.5x1 ne, kuma ta hagu yake ɗauruwa. Na Amurka 1/2x28 ne, wato rabin inci, haƙora 28 a kowane inci, ta dama. Ni kuma na tsaya a kan bakana: hagu ta fi dama, don ba ta saurin kwancewa da girgizar harbi.

Alhaji Sabo Mai Rodi: Subhanallahi. Nura, hagu ta fi dama? Da wane hannu mahaifiyarka ta koya maka cin tuwo?

Nura Tana: Baba Alhaji, maganar haƙorin ƙarfe nake yi fa.

Alhaji Sabo Mai Rodi: Ko na mene ne. Ka janye kalmar nan.

Bala Bahago: A'a, kada ya janye komai. Ranka ya daɗe, mu da Allah ya halitta a bahagwai laifin me muka yi? Tun muna makarantar allo ake bugun hannunmu, yau an yabi hagu sau ɗaya tak an ce a janye.

Sani Walda: Bala ya samu ranarsa. Amma ai ba sabon abu ba ne. Tukunyar gas ɗin walda, bakin asitilin ta hagu ake ɗaure shi, na iskar oksijin ta dama, don kada mutum ya haɗa su a kuskure. Fedar keke ta ɓangaren hagu ma haka take.

Musa Ɗan Amurka: Duk surutu ne. Wa ya fara sayar da salansar bindiga? Hiram Percy Maxim, Ba'amurke, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1909. Mai abu shi ke faɗin ma'auni. Ko a bindiga mai harsashin .45 Amurkawa haƙorin .578x28 suke yi, HK ce ta ƙi, ta tsaya a M16x1 na hagu. Taurin kai ne kawai irin na Bajamushe.

Oga Habu Marsandi: Musa, ka iya bakinka. Ƙasar da har yau take auna ƙarfe da inci ita za ta koya wa Jamus aiki? Kwance min injin Marsandi ɗaya ka nuna min notin da ke lilo.

Musa Ɗan Amurka: Oga, kai ko ruwan sha aka ce daga Jamus yake sai ka ce ya fi zamzam daɗi.

Alhaji Sabo Mai Rodi: Astagfirullah. Zamzam kuma? Yau zauren nan lafiya kuwa?

Malam Ibrahim Injiniya: Ku saurara kaɗan. Rabin inci milimita 12.7 ne, na Turai kuwa milimita 13.5, ga hannun ɗauri ya saɓa, don haka ɗaya ba ya hawa kan ɗaya ko an yi da ƙarfi. Inda haɗarin yake shi ne inda haƙori ya zo daidai. A Amurka 1/2x28 ɗin nan shi ne kuma na bindiga mai ƙaramin harsashin .22, sai salansar ƙaramin harsashi ta hau bakin 9mm lafiya lau, ramin cikinta kuwa bai kai faɗin harsashin ba. Harbi ɗaya ta tarwatse. Batun kwancewa kuma, masu harbin can da kansu ba su daidaita a kai ba, ko wanne ka ɗaura sai ka riƙa duba shi.

Bala Bahago: Malam, ba ka amsa tambayata ba. Hagu aibi ce ko ba aibi ba ce?

Sani Walda: Aibin shi ne sifanata mai lamba 13 da ka ara tun kafin azumi.

Bala Bahago: Na ba yaronka. Ka tambaye shi.

Sani Walda: Wane yaron? Ina da huɗu.

Lawan Lauya: Jama'a, don Allah. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta sai da izinin shugaban ƙasa. Ku kuna da injin juya ƙarfe a shago kuna lissafin haƙorin bakin bindiga a waya. Wani ya ɗauki hoton hirar nan, wa zai je belin wa?

Nura Tana: Barista, ni ko taɓa bindiga ban taɓa yi ba. A YouTube na gani.

Musa Ɗan Amurka: YouTube ɗin ma na Amurka ne.

Oga Habu Marsandi: To, a matsayina na admin na rufe maganar. Abin da aka cimma: Nura, wanda ni na koya wa riƙe sifana, ya yi gaskiya, aikin Jamus ya fi, kuma Malam Ibrahim ya tabbatar da hakan da lissafi. Musa bai kawo hujja ba sai rashin kunya, zai ba Alhaji haƙuri. Bala ya mayar da sifana kafin Juma'a. Duk wanda ya sake rubuta kalmar bindiga a nan zan cire shi.

Malam Ibrahim Injiniya: Oga Habu, ni a ina na ce haka?