Dalma Ko Jan Ƙarfe: Gardamar Mafarauta a Katsina

Ɗan Ƙofar Soro: Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi waya da abokin karatuna da ke Kalifoniya, a Amurka. Ya ce tun 1 ga Yulin 2019 aka haramta farauta da harsashin dalma a jiharsu gaba ɗaya. Shi da hannunsa yake ɗura harsasansa da kan jan ƙarfe in zai fita harbin barewa. Ni dai na gamsu: naman da dalma ta shiga guba ne, kuma muna ci, muna ba yara.

Baba Maharbi: Wa alaikumus salam. Ɗana, bi a hankali. Tun dajin Rugu yana shiguwa nake harbin gada da barewa. Inda harsashi ya shiga mu yanke mu yar, sauran a sa a tukunya. Ga ni, ga jikokina.

Likitan Dabbobi: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Yankewar tana da amfani, amma ba ta kwashe duka. Harsashin dalma mai tsananin gudu in ya bugi ƙashi tarwatsewa yake yi, ɓarɓashi ya bazu nesa da raunin, wani ido ba ya ganinsa sai a hoton asibiti. Na jan ƙarfe kuwa bakinsa ne ke buɗewa kamar fure, ya ratsa ya wuce kusan da nauyinsa. Sai dai in faɗi gaskiya, bindigar toka ba ta da gudun raifil, don haka ɓarɓashinta bai kai wancan ba.

Baba Maharbi: To ka ji!

Likitan Dabbobi: Ban gama ba, Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin yaro yana tsotsarta ninki huɗu zuwa biyar na babba. Ba lallai ya kwanta ciwo ba. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, sai a ga yaro ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne. Ga maƙwabtanmu Zamfara, a 2010 yara sama da 400 suka rasu.

Na Daura: Likita, kada a haɗa. Ta Zamfara ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa a cikin gidaje, ba naman daji ba. Sannan kai mai abokin Amurka, can doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa. Nan dokar makamai ta 1959 ba ta yarda ba sai da lasisi, balle a wannan hali na tsaro. Kuma jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, sai ya samu gudu sosai yake buɗewa. A bindigogin mutanenmu raunata dabba kawai za a yi, ta je ta mutu mushe.

Ɗan Ƙofar Soro: Ban ce wani ya ɗura komai ba, Yaya. Cewa na yi mu daina musun gubar.

Maƙeri: Ku ba ni dama. Kuna ta zancen nama, ni abin da ke hana ni barci narkar da dalmar ne don yin harsashi. Da idona na ga mutum ya fasa tsohon batirin mota yana narka dalmarsa a tsakar gida, kusa da murhun da matarsa ke tuwo, yaro na rarrafe a wurin yana kai ƙasa baki. Wannan da abin Zamfara ai ɗan juma ne da ɗan jummai. Na yi masa magana, ya ce haka ya taras ana yi.

Likitan Dabbobi: Wallahi wannan ya fi naman haɗari nesa ba kusa ba. Kuma kayan cikin da ake yarwa a daji, ungulu ke ci har da ɓarɓashin dalmar, ta yi mata illa. Saboda irinta ma aka yi dokar Kalifoniya.

Baba Maharbi: Maƙeri, maganarka ta shige ni, don a zaurena ake yi, kuma nan yara ke karatun allo. Gobe zan sa a share a fitar da kayan. Likita, a ina ake gwada jinin yaro?

Likitan Dabbobi: Bari in tambayi abokan aikinmu na asibiti, Baba, in kira ka bayan la'asar.