Tanjent ya tsaya wa yarona, me kuka gwada ya yi aiki?

Maman ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yarona zai zana WAEC bana. Ya haddace SOHCAHTOA tsaf (taƙaitacciyar haddar ƙa'idojin sine, cosine da tanjent a lissafin kusurwa), amma da an kawo tambayar tsayin bene ko bishiya sai ya rikice. Don Allah a ba ni shawara.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam Hajiya. A ajiye littafi tukuna, a fita da shi tsakar gida da hantsi. Ya kafa sanda mai tsayin mita 1, ya auna inuwarta. In ya samu mita 2, to tsayi a raba da inuwa ya ba da 0.5, wannan shi ne tanjent na kusurwar da rana take a lokacin, wajen digiri 26.6. Nan take ya auna inuwar darbejiyar ƙofar gida. In mita 14 ce, 14 sau 0.5, tsayinta mita 7 ke nan, ba wanda ya hau. Ni da wannan nake farawa kowace shekara, kuma yana zama a kan yara fiye da haddar.

Ladan: Malam, wannan ai aikinmu ne. Lokacin La'asar da inuwa ake gane shi, idan ta kai tsayin abu ban da inuwar zawali.

Malamin lissafi: Ƙwarai, Liman ƙarami. Masana taurari na Bagadaza "zillu" suke kiran tanjent, wato inuwa, kuma Habash al-Hasib ya tsara jadawalinsa tun ƙarni na 9. Inuwa ta yi daidai da tsayi, digiri 45 ke nan, tanjent ɗinsa 1.

Ɗalibar jami'a: Mama, ki sa ya duba kalkuletarsa. Ya danna tan 45, in bai ga 1 ba, mai yiwuwa tana kan RAD ne (wani ma'aunin kusurwa daban), ya mayar da ita DEG, wato digiri. Wannan ya taɓa cinye min maki, har yau ina jin zafinsa.

Injiniya: Kada a manta da ɗaya tanjent ɗin, layin da ke taɓa da'ira a ɗigo ɗaya tak. Tayar keke a kan kwalta ta isa misali. Kusurwar da ke tsakaninsa da layin da ya fito daga tsakiyar da'ira zuwa wannan ɗigon kullum digiri 90 ce. Ya sauke manhajar lissafi ta GeoGebra a waya, kyauta ce, ya ja layin da yatsa ya gani da idonsa.

Maman ɗalibi: Allah Ya saka da alheri. Gobe Asabar, zan aro tef ɗin awo wajen tela.