Me ya sa ba a cika ambaton faifan Zero Set ba?

Ɗanfaifai:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraron kiɗan gwaji na Jamus ta Yamma wanda 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna krautrock, kuma na lura duk lokacin da aka zo lissafin manyan faya-fayansa, sunayen ƙungiyoyin Can da Neu! da Faust da Kraftwerk ne ke fitowa. Amma akwai faifan da Dieter Moebius da Conny Plank da Mani Neumeier suka haɗu suka yi, mai suna Zero Set, wanda kamfanin Sky na Hamburg ya fitar a 1983, da wuya ka ji an ambace shi, alhali a kunnena bai gaza sauran da komai ba. Mene ne ya sa aka bar shi a baya, kuma shin gaskiya ne cewa daga Afirka suka ɗauko salon kiɗansa?

Malam Tsohon Kunne:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A ganina faifan ya makara ne. Krautrock ya yi tashensa tun daga wajen 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1970, kuma kafin 1983 kasuwar Jamus ta koma hannun sababbin mawaƙa irin su Nena da Trio, masu gajerun waƙoƙin da gidajen rediyo ke so. Ga shi kuma ba sunan wata ƙungiya a jikinsa, sai sunayen mutum uku waɗanda kowannensu an san shi a wani wuri dabam. Moebius shi ne abokin aikin Hans-Joachim Roedelius a ƙungiyar Cluster, sannan su biyun suka kafa ƙungiyar Harmonia tare da Michael Rother. Neumeier makaɗin ganga ne wanda ya fito daga kiɗan jaz, ya kafa ƙungiyar Guru Guru a 1968. Shi kuwa Plank, mutane sun ɗauke shi mai ɗaukar sauti kawai, domin shi ya yi wa Kraftwerk da Neu! aiki a farkonsu, daga baya har Ultravox da Eurythmics suka bi shi sutudiyonsa da ke Wolperath, wani ƙauye kusa da birnin Kolon. Masu rubuta tarihi sukan bi sunan ƙungiya ne, saboda haka aikin da aka yi a gefe ba ya samun shafinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne a wannan faifan Plank ba a bayan fage yake ba. Teburin haɗa sauti shi ne kayan kiɗansa, yana yanka murya, yana mayar da amo, yana buɗe sauti yana rufewa. Ka duba sunayen kaɗe-kaɗen guda shida, irin su Speed Display da Pitch Control da Search Zero, za ka ga duk kalmomi ne da ake rubutawa a jikin na'urorin sutudiyo.

Hajiyar Sauti:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in taɓa tambaya ta biyu, don ban yarda da yadda ake cewa kiɗan Afirka ne kai tsaye ba. Gaskiya ne akwai muryar wani mawaƙi ɗan Sudan mai suna Deuka a cikin Recall, ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen faifan, kuma maimaicin bugun yana da kama da abin da kunnenmu ya saba. Amma mu da muka tashi muna jin kalangu mun san ganga tana magana, tana kiran suna, 'yan amshi suna karɓa, kuma babu wannan a Zero Set. Abin da ke ciki shi ne mutum yana tsere da na'ura. Ka saurari kiɗan farko da kyau: sintesaizar Moebius, wato na'urarsa mai ƙirƙirar sauti da lantarki, tana maimaita gaɓa ɗaya ba ta gajiya, Neumeier kuma yana bin ta da hannu, wani lokaci ya ɗan riga ta, wani lokaci ya ja baya kaɗan, kuma wannan 'yar tazarar ce ke sa jiki ya motsa. Da na'ura ce ta buga gangar, da faifan ya bushe. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne muryar Deuka ta zama kamar wani sauti cikin sautuka, ba a ba shi fili ya yi waƙa yadda mawaƙi ke yi ba.

Malam Tsohon Kunne:
Hajiya, na karɓi maganarki a kan gangar. Game da muryar kuwa, haka Plank yake yi wa kowace murya a ayyukansa da Moebius. Ƙanena, ka nemi faifansu Rastakraut Pasta na 1980, inda Holger Czukay na Can ya kaɗa musu gitar bas, da kuma Material na 1981, za ka ji daga inda hanyar ta taso. Plank ya rasu a 1987, saboda haka Moebius da Neumeier su kaɗai suka yi Zero Set II a 2007. Kamfanin Bureau B ya sake buga Zero Set na farkon, yanzu samunsa ba wuya.

Ɗanfaifai:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya, Allah ya ƙara basira. Zan fara da Material, sannan in koma Recall in saurari muryar da kunnen da Hajiya ta nuna.